Gungun Nakasa

Garinmu ba tsibiri ba ne, ko da yake Gungu ake ce masa. Yana kan tudu, can gefen Wara. Tsibirin na asali yana ƙarƙashin tafki tun lokacin da aka datse Kwara a Kainji. Mutanenmu suka kwashe tukwane da taru suka hau tudu, suka taho da sunan garin: Gungun Nakasa.

Sunan nan ya sa na sha kuka a makaranta. Yaran Wara sai su riƙa ɗingishi a bayana, suna cewa ga 'yar garin nakasassu.

Kakata Hajo, mahaifiyar babana, bandar kifi take yi. Da an yi magariba mu jikoki sai mu kewaye wutar bandar, hayaƙi na cin idanunmu, ita tana juya tarwaɗa da hannun da ya daina jin zafi. A nan take mana tatsuniya, wani lokaci tana hamma a tsakiyar magana. Ranar da na kai mata ƙarar yaran, ba ta lallashe ni ba. Ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Matso, ɗiyata. Ga wata nan tahe, amma wagga ba ta gizo ba ce."

Wai an yi wata mata, Dije, da dorina ta kife jirgin mijinta a shekarar yunwa. Ya rasu ya bar ta da yara biyu da tsohon kwalekwale. Tana da wa a Yauri, sai ta zuba yaran a jirgi ta kama tuƙi, ruwa na turo ta baya. Duk mashigin da ta tsaya, sai a ba ta ruwan sha a nuna mata gaba, don kowa na fama da bakin gidansa. Tafin hannunta ya fashe. Ƙaramin yaron ya daina kuka, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Wata yamma jirgin ya soki yashin wani gungu da babu kowa sai tsuntsaye. Ta ɗaga filafilin tuƙi, hannu ya ƙi. Ta ajiye shi, ta ce, "Na kasa."

Nan ta kwana. Da safe ta tsinci kifi a wani kududdufi da ruwa ya janye ya bari, ta gasa wa yaran. Masunta masu wucewa suka ga hayaƙi, suka tambaye ta ina ne nan. Ita kuwa ta ɗauka tafiyarta suke tambaya, ta sake faɗin kalma biyun nan, "Na kasa." Suka tafi da sunan a baki.

Na ce, "Kaka, daga baya ta kai Yauri?"

"Ba ta kai ba."

"To ina daɗin labarin?"

Ta kalle ni ta cikin hayaƙi. "Ke mi kika so? Yaran sun rayu. Ke ma daga cikinsu kika hito. Tashi ki kwanta, bayana na ciwo."

Ban ji daɗin amsar ba. Na so a ce garinmu sunan jarumi gare shi.

Na yi aure a Yelwa. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maigidana shekaru, ni ce ɗagawa, ni ce kasuwa, ni ce makarantar yara. Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce lafiya lau. Bayan rasuwarsa ma na ci gaba da ja, ina jin kunyar a ce na koma gida. A lokacin ne na fara lura da yadda tsofaffin garinmu ke magana: in mutum ya yarda a taimake shi, sai su ce ya sauka gungu. Ba da raini suke faɗa ba.

Bara na hau jirgin kasuwa da yarana, muka nufi gida. Yayana Sani yana gyaran taru a ƙofar gida. Na shirya bayani mai tsawo a hanya, amma da na tsaya gabansa kalma biyu kawai suka fito.

Bai tambaye ni komai ba. Ya sauke mini ƙunshin da ke kaina, ya leƙa cikin gida ya ce, "A shimfiɗa wa Rabi tabarma, kada kowa ya tashe ta."

Na yi barci har la'asar.