Sunan da Nonye Ba Ta Kira

Duk wanda ya yi karatu a Samaru, ya kuma taɓa jin yunwar safe, ya san Maman Bibiana. Tana zama a rumfar kwano kusa da kasuwa, tanda a gabanta, tana juya waina tana yi wa ɗalibai faɗa wai boko ya hana su iya gaisuwa. Sunanta na gaskiya Nonye. Iyayenta Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu. Yaƙin basasa ya kore su kudu tana budurwa, ana gamawa suka dawo. In ta je ƙauyensu sai a ce Bahaushiya ta zo, in ta dawo Zariya a ce 'yar Ibo mai waina. Ba ta taɓa tsayawa musu da kowa ba, wainarta take sayarwa.

Uwarta a kasuwa take wuni, saboda haka Goggo Saratu, wata mutuniyar Wusasa da ɗakinta ke kallon nasu, ita ta raine ta. A hannunta Nonye ta koyi waina da durƙusa wa manya, ta kuma kwaso wani abu da ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta rungumarsa a gaban mutane, in ana zancensa sai ta sunkuyar da kai.

Da ta haifi Tochi haka ta yi masa, ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Mijinta Gregory, mai gyaran rediyo a unguwar PZ, dariya kawai yake yi har Allah ya karɓi ransa. Dangin miji kuwa abin ya ɗaure musu kai, don a wajensu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, ita ma tana alfahari. Tochi na shekara tara kawunsa ya ɗauke shi zuwa Anacha, can ya yi makaranta, can ya zama mutum.

A Ista ta 2004 ya zo da amaryarsa Amara. Kwana uku Amara na kallon ikon Allah. Tun safe ake jin Nonye na kiran ƙannensa, "Bibiana, kawo ruwa! Wisdom, ina ka shiga?" Shi kuwa babban, sai "a ba wancan abinci", ko "ku tambayi yayanku". Amara ba ta san cewa tsokar da ta fi kowace girma a ƙarƙashin tuwonsa ake binne ta ba. Abin da ta gani ta gaya wa mijinta, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Ranar Litinin da yamma Tochi ya tsaya a bakin rumfa, ya yi magana da Hausarsa da ta yi tsatsa.

"Mama, me na yi miki? Shekara talatin ban ji sunana a bakinki ba. Ko a waya. Har mutane Maman Bibiana suke ce miki, kamar ba ni ne na fari ba."

Nonye ta ci gaba da goge tandar da ta riga ta goge. Ko kallonsa ta kasa.

"Shi ke nan," in ji shi. "Gobe da safe za mu koma. Ba zan ƙara zuwa in takura miki ba."

Ta rufe rumfa ta hau mota zuwa Sabon Gari. Goggo Saratu ta tsufa tukuf, ido ya tafi, baki dai yana nan. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke ma dai, Nonye! Nawa ɗan a nan ya tashi, ya san shirun da nake mishi. Naki an kai shi inda ake kiran ɗa da ƙarfi. Wa ya gaya mishi kunya ce? Shi ƙi yake gani."

"To Goggo, yaya zan yi? Bakina ba zai iya ba."

"Au, bakin da ke yi wa 'yan jami'a tsawa?"

Nonye ta yi dariya, hawaye na zuba. Sai a ranar ta gane cewa abin da ta ɗauka girmamawa ce da ta fi kowace, shi yaron bai taɓa karɓar saƙon ba, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Washegari ba a kunna wuta a rumfa ba, ɗalibai suka yi ta leƙe suna komawa. Nonye tana tasha, riƙe da ƙullin waina mai zafi da ta soya a gida. Doguwar motar Anacha ta cika, kwandasta na bubbuga ƙofa. Ta hango ɗan nata ta taga, ya juya fuska gefe. Ta ɗaga ƙullin, bai gani ba. Ta ce "Kai!", maza wajen biyar suka waiwayo, ban da shi. Direba ya ta da mota.

"Tochi!"

Muryar ta fita a shaƙe, kamar ba tata ba. Ta sake, wannan karon har masu sayar da burodi suka juyo.

"Tochukwu!"

Ya miƙe tsaye a cikin motar, kansa ya bugi rufi. Kwandasta na masifa, fasinjoji na tsaki, ya tsallake kayan mutane ya sauko. Da ya iso gabanta, ta riga ta ja gyale ta rufe rabin fuska, idonta a ƙasa. Ta miƙa masa ƙullin.

"Ungo, kada ta huce."

Bai karɓa ba. Ya ce, "Mama, sake faɗa."