Sakamakon Gwajin Inna a Cikin Waya

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na kusa da Wagini saboda 'yan bindiga, muka kama ɗaki biyu a Batsari, a shekarar ce ciwon Inna, mahaifiyata, ya tsananta. Ƙanwata da ke aure a Katsina ta kai ta asibiti aka ɗebi jini, Inna ta dawo gida. Bayan kwana huɗu ƙanwar tawa ta turo mini sakamakon ta waya. Na danna, ya ƙi buɗewa. Na kira ta.

"Yaya, PDF ne," in ji ta. "Sai ka sauke manhajar da ke buɗe shi. Akwai ta kyauta."

Sabis ba ya kamawa a gidanmu, sai na tafi bakin tasha na tsaya ƙarƙashin dalbejiya. Ina nema sai ga su birjik, kowace da jan tambari, kowace na cewa kyauta ce. Wadda na fara saukewa, tun kafin ta nuna mini komai ta nemi izinin ganin lambobin mutanena da wurin da nake. A yankinmu ba a wasa da wannan tambayar, mun ga waɗanda aka bi har gida don wani ya faɗi inda suke. Na goge ta.

Ta biyun kuma wayar ta ce babu wurin da za ta zauna. Na shiga hotuna ina neman abin cirewa. Wanda ya fi cin wuri shi ne bidiyon rumbunanmu na gero da na ɗauka a kakarmu ta ƙarshe a ƙauye. Na kalle shi sau biyu, na goge.

Manhajar ta sauka, amma sai da talla ta gama yawonta sannan takardar ta buɗe. Turancin likitoci ne, layi uku an ja musu jan alƙalami. Malamin firamare ne ni, amma ko ɗaya ban gane ba.

Na samu Inna a kan tabarma tana tsince wake.

"Me suka ce?"

"Sun ce a mayar da ke ranar Litinin, Inna."

Ba su faɗa ba, ni na yanke. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe.

"Allah Ya kai mu," ta ce.

Na juya na koma tasha, in ji ko hanyar Katsina na biyuwa a makon.