Gaisuwar Kan Bene

Shagon gyaran rediyonsa yana saman bene a ginin kasuwa, can ƙarshen baranda, inda ya ce babu tashar da ba ta kamawa. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi. A nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Da can mutum ne mai gajeriyar magana, in ka gaishe shi sai ya ɗaga hannu ya wuce. Amma a 'yan shekarun nan ya zama sarkin gaisuwa, har 'yan kasuwa suka laƙaba masa suna Baba Sannu.

Kullum in zai hau, sai ya tsaya a tsakiyar bene, inda wani tsohon tela ya kafa kekensa. Zai dafa ƙarfen bene ya ce, "Sannu da aiki." Daga nan gaisuwa ta ɓarke: gida, iyali, jikoki, ciniki, kwanan gajiya. Mutane suka ce tsufa ya koya masa zumunci. Shi kaɗai, a zatonsa, ya san gaskiya. Numfashi ne ke yanke masa a daidai wurin, kuma ya gwammace a ce masa mai surutu da a ce masa mara lafiya.

'Yarsa ce ta ja shi asibiti da ta ga takalminsa ya daina shiga saboda kumburin ƙafa. Aka gano hawan jini ne na hanyoyin huhu, aka ɗora shi a kan magani. Tun ran nan take fama da shi ya sauko da shagon ƙasa, shi kuma ya kafe. Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya: abin da awon likita ya nuna, shi za a bi.

Ranar awo ya kwanta a gefen hagu, likitar ta shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji, ta riƙa yawo da kan na'ura tana kallon allo.

"Baba, ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu," in ji ta. "Hanyoyin naka sun matse, don haka turin ya yi nauyi. Zuciya takan ƙara ƙarfi don ta yi daidai da nauyin. Abin da nake dubawa shi ne ko har yanzu tafiyarsu ɗaya, ko nauyin ya fara rinjaye."

"To, ya kika gani?"

"A kwance dai ba laifi. Kana haki in ka hau bene?"

"Ni? Kullum sai na hau," ya ce, ya harari 'yarsa. Kuma ba ƙarya ya yi ba.

Likitar ta yi murmushi. Ta ce zuciyar da ke hutawa takan ɓoye halinta, sai ya ɗan yi tafiya a baranda, ta sake dubawa. Sharaɗi ɗaya: ba hira.

Barandar doguwa ce, fara fat, ba kowa sai wata ma'aikaciyar jinya da ke tsaye a ƙarshe. Ya fara da takun ƙasaita. Ya je ya dawo, ya sake juyawa, sai ƙirjin ya cika, ƙafafu suka yi nauyi. Ya tsaya, hannunsa ya nemi ƙarfen bene, ya juya dama, bakinsa ya buɗe da "Sannu da…" Bango ne kawai a gabansa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don 'yarsa tana kallo daga ƙofar ɗakin awo, kuma ya ga ta gane komai.

Da aka sake ɗora na'urar, likitar ta nuna masa: nauyin ya hau, ƙarfin turin zuciyar bai bi shi ba. Ta ce za ta ƙara magani, akwai sauran abin yi da yawa, amma benen nan a bar shi.

Ranar kwashe kaya bai hau ba. Ya zauna a ƙofar sabon shago a ƙasa, kusa da janaretan kasuwa da ya tsana saboda ƙararsa. Sai ga tela ya sauko ɗauke da fitilar mai lanƙwasasshen wuya, ya ajiye, ya zauna.

"To, ka huta da gaisuwata," in ji Baba Sannu.

"Na huta kam. Tambayoyi sun ƙare mini. Har kaji na tambaye ka, kai da ko ƙwai ba ka ajiye ba."

Baba Sannu ya juyo ya dube shi. Sai yanzu ya lura, a duk tsayuwar nan shi "sannu" kawai yake cewa. Tela ne ke jan zancen, ya yi tambaya ya ba kansa amsa, ƙafarsa a ɗage daga keken, har sai ya ji numfashin abokinsa ya daidaita, sannan ya ce a hau lafiya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ka fara gaishe ni," in ji tela. "Ina za a jona wannan fitilar?"