Baba da Alƙalai Uku

Gidanmu gidan mahauta ne a wani ƙauye kusa da Tofa, kuma dambe a wurinmu gado ne. Baba ya naɗa zare tun yana saurayi, har yau in ya ji kalangu sai ka ga kafaɗarsa ta dama tana motsi ba da saninsa ba. Ni ban gaji komai ba sai tsoro. Ƙanena ne ya gaji hannun, amma da ya shiga sakandare wani malamin wasanni ya ja shi zuwa damben zamani, wanda ake sa safar hannu a shiga cikin igiya. Baba bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin dambe ba. Cewa yake ƙarti biyu ne suka ɗaura matashin kai a hannu suna shafar juna.

Wata shekara bayan girbi aka shirya gasa a cikin gari, za a zaɓi waɗanda za su ci gaba da samun horo. Lokacin Baba ya gaji da yadda yaron ke barin gona da teburin nama yana fita gudu. Ya ce zai je ya gani da idonsa. In yaron ya ci zai ƙyale shi, in aka cinye shi ya ajiye safar ya dawo ya riƙe wuƙa. Baba ba ya magana biyu. Ni kuwa na san ƙanena, in aka raba shi da dambe gangar jikinsa ce kawai za ta zauna a gidan.

Ina awon hatsi a Dawanau, kuma a can na saba kallon damben waje a wayoyin abokan aiki, don haka na san lissafin. A cikin mota na yi ta yi wa Baba bayani. A dambenmu da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. In aka yi turmi uku babu kisa sai a raba su, ba wanda ya ci. A nasu kuwa alƙalai uku ne ke zaune a gefen igiya, kowa a ɓangarensa, ba sa magana da juna. Kowane turmi, wanda ya fi kai naushi mai kyau a rubuta masa goma, ɗayan tara, in an fi shi sosai takwas. A ƙarshe a haɗa. Baba ya ce wato dai malaman makaranta ne ke cin damben. Ya juya yana kallon karan dawa ta taga.

Abokin karawar wani dogon yaro ne ɗan birni, siriri, ba ka ce zai iya ɗaga buhu ba. Ana kaɗa ƙararrawa ya fara tsalle-tsalle. Ƙanena ya bi shi, ya matse shi a igiya, ya sake masa dama guda a muƙamuƙi. Yaron ya zube a kan gwiwoyinsa.

“Ya kashe shi!” in ji Baba, ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi.

Ƙanena ma abin da ya yi ke nan. Ya juya wa yaron baya, ya ɗaga hannu yana neman mu da ido cikin jama'a, kamar a filin kasuwarmu yake makaɗa na jiransa. Duk horon da aka yi masa ya gudu daga kansa. Alƙalin tsakiya ya tura shi kusurwa, ya fara ƙirga wa na ƙasa. Kafin ya gama yaron ya tashi, aka duba idonsa, aka ce a ci gaba. Baba ya dube ni ya tambaya ko a nan gawa ake tayarwa ta sake dambe. Na ce e, Baba, turmi ɗaya kawai muka ci, saura biyu.

A turmi na biyu na ga abin da nake tsoro. Ƙanena ya koma tsayuwar gida. Ya buɗe ƙafa, ya miƙa hagu gaba yana tare fuska, ya janye dama can baya yana jiran bugu ɗaya da zai sake kisa. Dogon nan kuwa ya gane. Ya daina matsowa, sai dai ya taɓa goshi ya kauce, ya taɓa hanci ya kauce. Naushin ba mai ciwo ba ne, amma ina kallon alƙalin da ke kusa da mu, idonsa na bin kowane ɗaya. Malamin ƙanena yana ta ihu ya saki hannu, har muryarsa ta dishe. Haushin ƙanen nan nawa ya kama ni ƙwarai, wallahi da ina kusa da na mare shi.

Baba kuwa hankalinsa kwance. Yana ta murmushi yana cewa ƙuda ne ke damun yaronsa.

Turmi na uku ya fi na biyu muni, an fi mu sosai. Ƙanena ya kai dama sau da yawa tana cin iska. Na yi ta haɗa lissafin a kaina, ina juya shi ta kowace fuska ko zai ba ni abin da nake so, ya ƙi. Aka kaɗa ƙararrawar ƙarshe, aka karɓi takardun alƙalan, alƙalin tsakiya ya riƙe hannun yaran biyu. Na sunkuyar da kai ina salati. Shewar da na ji daga ɓangaren 'yan birni ta fito.

A waje muka jira shi. Ya fito da ido ɗaya a kumbure, ya durƙusa gaban Baba, ya miƙa masa safar hannun. Baba ya ƙi karɓa.

“Me zan yi da su? Ni na ga kisa da idona. Gwiwar yaron ta taɓa ƙasa, kowa ya gani. Gobe ka koma wajen malaminka.”

Ƙanena ya ɗago ya dube ni. Na kawar da kai, don kada Baba ya nemi shaida a wurina.

A hanyar komawa ƙanena ya zauna gaba kusa da direba, mu muna baya. Mun wuce Dawanau da la'asar sakaliya, manyan motoci na ta lodin buhuna, sai Baba ya matso kusa da kunnena.

“Mutanen nan masu takarda, abin da suka rubuta daidai ne?”

Na ce daidai ne, Baba, an cinye shi.

Ya daɗe yana kallon ƙeyar yaron. Sannan ya ce, “Na sani. Kada ka gaya masa na tambaye ka.”