Hular Mutumin Kwarbai

Duk ranar Lahadi da hantsi, in wayar Iya Asama'u ta soma ƙugi, sai ta goge hannunta a gefen zani, ta danna inda aka nuna mata, ta kwantar da wayar a kan tabarma tana kallon sama. Daga nan ta ɗan juya kafaɗa, ta ɗauki hular da take ɗinki, sannan ta amsa sallama. Mai kiran, can a ƙasar Malesiya inda la'asar ta riga ta yi, ba abin da yake gani sai daurin gugan rufin ɗakin da aka haife shi, da tsohuwar tasar da magina suka manna a tsakiyarsa. Shekara shida yana kallon tasar nan.

Sunansa Zaharaddini, ɗanta na fari. Mu ne muke faɗin sunan. Ita ba a taɓa jin sa a bakinta ba.

A cikin Birnin Zazzau aka haife ta, a cikinsa ta yi aure, a wani lungu da mota ba ta shiga. Mijinta, marigayi Malam Yakubu, mai ɗinkin manyan riguna ne, a wurinsa ta ga yadda ake riƙe allura har ta zama gwanar hula. A zamaninsu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Da aka yaye yaron sai gwaggonsa ta unguwar Kwarbai ta zo ta goya shi ta tafi, kamar yadda aka saba. Tun daga ranar, in Asama'u za ta ambace shi sai ta ce "mutumin Kwarbai".

Wanda bai sani ba zai ce ba ta damu da shi ba. Amma maƙwabta sun lura cewa duk ranar da aka yanka kaza a gidan, akwai kwanon da yake bin lungu zuwa Kwarbai, ba a faɗin na wane ne. Kowace sallah kuma sabuwar hula takan je. Ba ta taɓa gwada kansa da zare ba. In ya zo gaisuwa ya durƙusa ya sunkuyar da kai, nan take auna shi da ido, hular kuwa ta zauna daidai. Ta san tsakar kansa fiye da kowa a duniya. Fuskar ce sai dai a tambayi wasu.

Da karatu ya kai shi Malesiya, aiki ya riƙe shi, ya zo ya ɗauki matarsa Radiya suka koma, wayar farko da ya bar mata mai maɓallai ce, murya kawai. Ta ji daɗinta ƙwarai. Kamar magana ce ta bayan zana, kana jin mutum ba ka ganinsa. Har takan tambaye shi ko ya ci abinci, abin da ba ta taɓa yi ba suna ɗaki ɗaya.

Sai zamani ya ƙara gaba. Ya aiko da wayar shafawa, ƙanwarsa Tayyiba, wadda take koyarwa a makarantar sakandare, ta zo ta saita kiran bidiyo.

"Iya, ga Yaya nan fa, ɗago ki gan shi."

"Ina jin sa."

"Ba ji ba, gani. Kuɗi ya kashe don ki gan shi."

"Wannan ɗan madubin? Ni da ko ramin allura sai na laluba. Ajiye min a ƙasa, hannuna da aiki."

Zaharaddini ya yi dariya daga can, ya ce a bar Iya, ai tasar ma 'yar'uwa ce, yana gaishe ta. Bayan wata huɗu sai ga saƙo, wata faffaɗar waya mai girman allon karatu, wadda yara ke ce wa tab. A cikinta fuskar mutum takan cika tafin hannu biyu. Hujjar ƙanƙanta ta faɗi. Iya ta ce abin ya yi nauyi, wuyan hannunta ba ya ɗauka. Aka kwantar da shi a tabarma, shi ma ya kalli tasa.

Jikokin kam tana kallonsu. In Suhail da Maryam suka leƙo, takan ɗauki allon da hannun nan da ba ya ɗaukar nauyi, ta ce wa Suhail mijin banza wanda ba ya cefane, ta ce wa Maryam ta ƙwace mata miji. Da ta ji an ce "ba Baba", sai allon ya koma ƙasa.

Tana da ƙawa ɗaya da take iya faɗa mata magana ba sakayawa, Sista Edna ta Wusasa, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Sun san juna tun ranar da Asama'u ta kai jaririnta asibiti da zazzaɓi, Edna ta tambayi sunan yaro don ta rubuta a kati, uwar ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Edna ta ce, "To, na fari ne ke nan," ta fita ta tambayo uban. Shekara arba'in da wani abu suna kai wa juna abincin sallah da na Kirsimeti.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci da wuri, Edna ta biyo ta cikin birni, ta tarar ana cikin kira. Ta sunkuya a kan allon.

"Kai, ɗan Kwarbai! Ka manta da mai yi maka allura ko?"

"Wa zai manta da ke, Mama Edna? Har yau wurin yana min ciwo."

Suka yi raha. Amma Edna ta daɗe a sunkuye fiye da yadda gaisuwa take buƙata. Da aka kashe, ta zauna a bakin gado, ta ƙi taɓa furar da aka dama mata.

"Asama'u, yaushe rabonki da ki dubi yaron nan?"

"Wane yaro?"

"Kada ki maida ni baƙuwa. Ni na yanke wa rabin unguwar nan cibiya. Ki dube shi."

"Sista, abin da uwata ba ta yi ba..."

"Uwarki ɗanta yana nan cikin birni, in ta yi tari yana ji. Naki yana bayan teku. Na ga farin idonsa, na ga wuyan rigarsa. Ba zan ƙara a kan haka ba, ni ba likitarsa ba ce."

Iya ta ci gaba da soka allura. Can ta ce, "Numfashinsa ya canza tun kafin azumi. Yakan tsaya a tsakiyar magana."

"Ashe kin sani."

"Kunne ai ba shi da kunya."

Tayyiba ta sani, Radiya ta sani, an haɗa baki kada a gaya wa tsohuwa. Ciwon hanta ne, ya yi nisa, likitoci sun hana shi doguwar tafiya. Ita kuma tsohuwar ba ta tambaya ba, don tambayar ma a wurinta wani irin kallo ne.

A makon nan ta aika aka sayo mata farin yadi da zare ruwan ƙasa da shuɗi, ta sa aka zana mata hula. Ta yi wa kanta dabara. In ta gama, za ta ɗaga hular a gaban allon ta ce ya matso da kansa ta ga ko za ta zauna. Mai auna hula dole ta dubi kai, kai kuwa ba ya rabuwa da fuska. Ko matan da suka riga mu gidan gaskiya ba za su ce ta yi rashin ta-ido ba. Sai dai yanar ido ta soma rufe mata na hagu, aikin da da take gamawa a mako uku yanzu sai ta yi layi ɗaya ta huta.

Wata Lahadi Tayyiba ta kawo kwamfutarta ta wurin aiki, ta ɗora a kan kujerar tsugunne, ta buɗe ta daidai fuskar Iya. Ita wannan ba a kwantar da ita, a tsaye take kamar baƙon da ya ƙi zama. Iya ta koma gefe, inda gefen mayafinta kawai yake shiga.

"Iya," in ji Zaharaddini. Ya tsaya ya ja numfashi. "Ki ɗan matso mana. Ko sau ɗaya."

Tayyiba ta kau da kai.

"Akwai wata hula," in ji Iya, idonta a kan cinyarta. "Saura kaɗan. In na gama sai a gwada."

"Tawa ce?"

"Ta wani mutumin Kwarbai ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Allah ya ba shi ikon sawa."

Ta yi ta ɗinki har yatsunta suka kumbura. Lahadi ta zagayo, saura faɗin yatsa uku a gefe ɗaya. Da asuba ta idar da salla ta daɗe a kan buzu. Da hantsi ya yi ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanin da take zuwa suna da shi. Ta ce wa Tayyiba ta buɗe kwamfutar, ta ja kujera ta zauna a gabanta sosai, hular da ba a gama ba tana hannunta. Tayyiba ta dube ta.

Kira ya shigo. Iya ta ɗago kai, ta buɗe idonta duka biyu, mai gani da marar gani.

Farin rufin ɗaki ta gani, da doguwar fitila, da wani ƙarfe da aka rataya jakar ruwa a jikinsa.

"Iya, ina kwana." Muryar ta fito daga gefe, siririya.

"Yaya, Iya ce fa a gaban allo," in ji Tayyiba da sauri. "Ka ɗaga wayar. Radiya, ki ɗaga masa!"

Aka ji motsi, aka ji ya ce wa matarsa a'a, a hankali. Sannan ya ce, "Ku bar ta a nan. Iya ta san ni da ƙiba. A bar ta da wanda ta sani."

"Shi yana ganina?" Iya ta tambayi Tayyiba ƙasa-ƙasa.

"In wayar tana kwance, sai ya juyo da kai."

Ba wanda ya san ko ya juyo. Iya ta zauna a miƙe, fuskarta a buɗe, tana kallon rufin asibitin wata ƙasa har aka yi sallama. Ta ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Leɓenta ya motsa bayan haka, kamar za ta ƙara wata kalma, sai allon ya yi duhu.

Ranar Laraba ya cika. A can aka yi masa sutura.

Mata sun cika gidan kwana uku, ba wadda ta ga hawayenta, aka yi ta yaba mata. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban jama'a. Bayan an watse ne ta kira Tayyiba ɗaki, ta nuna wayar da allon da kwamfutar, duk suna jere a kan gado.

"A cikin ukun nan, wanne ne yake ajiye abin da aka yi?"

"Kiran bidiyo ba ya zama, Iya. In an kashe ya tafi. Amma akwai hotunansa da yawa, bari in..."

"Bar shi. Hoto ai ba ya sanin an dube shi."

Ta ƙara damina biyu a duniya. Jikokin suna kira, tana ɗaukar allon ta tsokane su kamar da. Suhail ya soma tsawo, wani lokaci in ya sunkuya yana neman wani abu, tsakar kansa ta cika allon, sai Iya ta yi shiru har ya ɗago. Edna ta ce mata ta ƙarasa hular ta aika wa yaron, zai girma ya same ta. Ta ce to, sai ido ya ɗan washe.

Da aka zo raba kayanta, Tayyiba ta buɗe adudun da ke ƙarƙashin gado. Hular tana ciki, nannaɗe a zanin zuwa suna. Faɗin yatsa uku na farin yadi yana nan da zanensa, allurar a soke a inda ta tsaya, da sauran shuɗin zare a raminta.