Zare Ɗaya, Gida Goma Sha Shida

Shekarar da aka ja mana wayar intanet ta faiba a layinmu na unguwar Galtimari, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata, ina kuma neman gurbin ƙaro karatu a wata jami'a ta ƙasar waje. Gidanmu a kwari yake, sabis ɗin wayar hannu ba ya shiga ɗaki, saboda haka ina cikin waɗanda suka fara karɓa. Aka tona gefen titi, aka kafa wani farin akwati a jikin turken lantarki, a ƙofar wani dattijo mai sayar da huluna.

Da safe intanet ɗin ba ya da matsala, amma da safe ina aji. Da zarar na dawo na yi la'asar, sai ya fara jan ƙafa. Sai da na kira kamfanin sau uku kafin su turo injiniya.

"Malama, na'urarki lafiya lau," ya ce. "Zare ɗaya ne ya taho daga ofishinmu, a akwatin can ya rabu gida goma sha shida. Akwai injin da ke ba kowane gida lokacinsa, bi da bi. In kowa ya hau, dole a jira."

"Me ya sa ba ku faɗi haka ba ranar da kuka zo talla?"

Ya sosa ƙeya. "Kuma wanda ya ɗauki babban tsari, shi injin ke fara sallama."

"Wane ne shi a layin nan?"

"Ba a ba mu izinin faɗa ba."

Bayan sati biyu jami'ar ta sa mini ganawa ta bidiyo, ranar Laraba, huɗu da rabi na yamma. Daidai lokacin da kowa ke hawa. Na kwana biyu ina jin nauyi, sannan na ɗauki mayafi na bi gida-gida ina roƙon a kashe mini na awa ɗaya.

Dattijon na zaune a tabarma. Na durƙusa na gaishe shi da yarensu, "Nda dubdo, Baba," na yi masa bayani. Bai gane yadda kallon bidiyon da jikokinsa ke yi zai hana ni magana da Turawa ba, amma ya ce, "'Yata, in ilmi ne, ko kwana ne a kashe." Maƙwabciyata, akawun coci daga kudancin Barno, ta ce 'ya'yanta na koyon waƙoƙin Lahadi a lokacin, amma za ta cire filogin da hannunta. Gida goma sha huɗu suka amsa. Ɗaya ne, mai baƙin ƙyaure a ƙarshen layi, na buga har hannuna ya yi zafi ba a buɗe ba.

Ranar Laraba aka fara lafiya. Mutum uku a allo, ina jinsu tar. Ina tsakiyar amsa tambaya ta biyu sai fuskokinsu suka daskare. Suka dawo, suka sake daskarewa. Abin da nake ji kawai shi ne ana cewa in maimaita. Na maimaita jumla ɗaya sau huɗu. Na fita tsakar gida da wayata ina ɗaga ta sama, babu komai. Kafin ƙarfe biyar suka rufe.

Washegari na tarar da maigadi a gidan mai baƙin ƙyauren. Ya ce ofis ne, ba a ma fara aiki a ciki ba. Sai dai akwai kyamarorin tsaro, kuma ya ji an ce kullum da yamma suna tura hotunan yini zuwa babban ofishinsu. Na tsaya ina kallonsa, raina ya ɓaci. An hana yara kallo, an hana su waƙa, saboda hoton fili da kujeru.

Jami'ar ta sake ba ni lokaci da safe. Na nemi izinin shugabar makarantarmu, na yi ganawar ba tare da tangarɗa ba, amma duk a tsorace nake, ina jiran a daskare. Ba su ɗauke ni ba. Mijina ya ce rabo ne, na kuma yarda. Sai dai har yau ban sani ba ko amsoshina ne ba su gamsar ba, ko tun ranar Laraba suka gama yanke shawara.