Awon Tsinken Tsintsiya

A kasuwar Gaya, gaban rumfar takalma, wani dattijo yana tsugune, silifas ɗinsa ɗaure da waya. Yana zura tsinken tsintsiya cikin takalman 'yan mata.

"Raihana 'yata ce ta zo ta ɗaya a ajinsu," in ji shi. "Mai igiya take so."

Mai rumfa ya ce, "Baba, yaushe ka auno ƙafar?"

"Sallar bara waccan. Tana wajen uwarta a Toranke."

"Ai ƙafa ba ta jiran tsinke."

Ina jin labarin jarrabawar ma a bakin mutane dattijon ya tsinta. Can ya ƙara yatsa biyu a kan tsinken.

"Ba ni wanda ya kai nan."

Allah Ya sa ya yi mata daidai.